Saitin dare a bindigar iska: da rana daidai, da dare harbi na wucewa ta sama

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne a ƙasar Argungu. Ina da bindigar iska mai karyewa, mai cin ƙwayar dalma mai kaurin milimita 5.5, da takardunta, ina rage gafiya da ɓeraye da ita a bayan sito. Na cire saitin gaba na asali na sa wani mai koren ɗigo da ke haske cikin duhu. Da na gwada a mita 20 sai harbi ya riƙa sauka ƙasa da kusan santimita 8, ya kuma karkata hagu da santimita 3. Na ɗaga saitin baya har ya kusa ƙurewa, tsayin ya gyaru da rana, amma da dare sai ya riƙa bi ta saman gafiya. Bayan 'yan harbe-harbe kuma sai ya sake gocewa. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka zo da awo, domin lambobin nan sun riga sun nuna inda gizo ke saƙa. Bindigarka lafiyarta lau, sabon saitin ma da alama ba shi da laifi. Abin da ya faru shi ne ka daidaita bindigar da wani wuri a jikin saitin, idan dare ya yi kuma kana harbi da wani wurin daban. Karkata hagu da gocewa bayan harbi kuwa matsalar ɗauri ce.

Akwai lissafi guda da duk aikin ya rataya a kansa. Ɗauki tef ka auna tazarar da ke tsakanin tsagar saitin baya da tsinken gaba. Mu ɗauka taka santimita 45 ce, wato milimita 450. Idan ta bambanta sai ka sa taka. Ka ninka kuskuren da ka gani a kwali da wannan tazara, ka raba da nisan da ka tsaya, duka a milimita. Kuskurenka 80 ne: 80 sau 450, a raba da 20,000, ya ba da 1.8. Ma'ana sabon tsinken ya fi tsohon tsawo da milimita 1.8 kacal. Abin da bai kai kaurin ashana ba shi ya saukar maka da harbi santimita 8. Wannan ba abin mamaki ba ne a saitin dare, domin dole a bar wa 'yar kwalbar da ke ba da haske wurin zama a cikin tsinken, shi ya sa yawancinsu suka fi na asali tsawo da kauri.

Ƙa'idar motsi kuwa ka haddace ta: saitin baya yana bin inda kake so harbi ya koma, na gaba yana yin akasin haka. Kana son harbi ya hau, ɗaga na baya ko rage tsawon na gaba. Kana son ya koma dama, tura na baya dama ko na gaba hagu. Mutane da yawa a nan suke rikicewa, su yi ta murɗawa ta ɓangaren da bai dace ba har kuskure ya ninka.

Yanzu ga dalilin da dare ya bambanta da rana. Duba tsinken da kyau: ɗigon ba a kan tsinke yake ba, yana ƙasa da shi, akwai ɗan ƙarfe a samansa. Ka auna daga kan tsinke zuwa tsakiyar ɗigo. Sau da yawa za ka samu kusan milimita ɗaya da rabi. Da rana idonka yana daidaita kan tsinke da kafaɗun tsagar baya, a haka ka saita. Da dare kan tsinken ya ɓace, ɗigo kaɗai kake gani, sai ka ɗago shi zuwa inda kan tsinke yake zama ba tare da ka sani ba. Ka ɗaga hancin bindiga ke nan da milimita 1.5. Mayar da shi cikin lissafin ta baya: 1.5 sau 20,000, a raba da 450, ya kusa santimita 7 a mita 20, sama da santimita 3 a mita 10. Kan gafiya bai kai wannan faɗin ba, dole harbi ya bi ta samanta.

Gyaran da na fi so a nan ya fi sauƙi, ya kuma fi dorewa. Tunda kan tsinke ya ɗara tsohon da 1.8, tsakiyar ɗigo kuma tana ƙasa da kai da 1.5, to ɗigon ya ɗara tsohon tsinke da milimita 0.3 ne kawai. Ka manta da kan tsinke gaba ɗaya. Ka mayar da saitin baya kusan inda yake tun farko, ka riƙa aza tsakiyar ɗigo daidai da kafaɗun tsaga, dare da rana, ka saita a haka. Riba biyu ce: abin da ido ke gani ya zama iri ɗaya a kowane lokaci, saitin baya kuma ya dawo tsakiyar tafiyarsa. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne. Saitin baya yana zaune ne a kan ɗan sifirin da ke riƙe shi da ƙarfi. Idan ka ɗaga shi har ya kusa ƙurewa, zaren notin da ya rage a ciki kaɗan ne, sifirin ya saki, sai saitin ya riƙa rawa duk lokacin da bindiga ta buga. Sa yatsa ka taɓa shi a yadda yake yanzu, da wuya ka ji bai motsa ba. Kaso mai yawa na gocewar da kake gani daga nan yake.

Akwai masu cewa a sa magagari a rage kan tsinke. Ban ba ka wannan shawara ba. Gogar kai ba ta sauke ɗigo ko kaɗan, kuma ƙarfen da ke saman kwalbar shi ne garkuwarta. Ka cinye shi, ranar da hancin bindiga ya bugi ƙofa ta fashe.

Sai dai ɗigo a gaba ba ya wadatarwa idan ba ka ganin na baya. Cikin duhu sosai kafaɗun tsaga ma ɓacewa suke yi, ɗigon ya zama yana yawo a sarari, ba abin da za ka gwada shi da shi. Nemi fenti mai shan haske, irin wanda ake haska wa tocila ya riƙe hasken na ɗan lokaci, ka sa tsinken sakace ka ɗiga ƙananan ɗigo biyu a fuskar saitin baya da ke kallonka, ɗaya a kowace kafaɗa, dab da bakin sama, nisansu da tsaga iri ɗaya. Ka goge wurin da sifirit tukuna don ya kama. Idan ba ka samu fentin ba, farin ruwan goge rubutu da ɗalibai ke amfani da shi yana yi, tunda ɗan hasken tocilarka zai nuna shi. Su zama ƙanana, haskensu kuma kada ya kai na gaba, domin sun fi kusa da ido. Idan suka yi ƙarfi sai su danne koren ɗigon, ko ka ruɗe ka ɗauki ɗaya daga cikinsu a matsayin na tsakiya. Da dare abin da za ka nema shi ne ɗigo uku a jere, kore a tsakiya, tazarar hagu da dama daidai.

Mu koma kan karkata hagu. Santimita 3 a mita 20, da wancan lissafin, milimita 0.7 ne. Kafin ka taɓa notin gefe na saitin baya, ka tabbatar tsinken gaba a tsaye yake. Yawancin saitin gaba na bindigar iska hula ce da ake zura wa hancin bindiga a ɗaure da ɗan noti marar kai. Kan tsinke yana sama da tsakiyar bututu da kusan santimita 2. Idan hular ta juya dama da digiri 2 kawai, abin da ido ba ya saurin kamawa, tsinken ya matsa dama da milimita 0.7, harbi kuwa ya tafi hagu. Ka ga lambar ta zo daidai da taka. Don ka gane, rataya zare mai ɗan dutse a bango, ka aza bindiga a kan buhu, ka daidaita saman saitin baya ya kwanta sosai, sannan ka leƙa ta tsaga ka gwada tsinke da zaren. Idan ya jingina, sassauta notin da alanki, yawanci mai lamba 1.5 ko 2, ka miƙar da shi.

Duk wannan aiki ana yin sa ne bindiga ba a ɗane ba, ba ƙwaya a ciki. Idan ka riga ka ɗana ta, sa ƙwaya ka harba cikin tudun ƙasa. Kada ka harba ta wayam; fistin, wato ƙarfen da sifirin ke ingizawa ya matse iska a cikin bindiga, zai daki ƙarshen silinda ba iskar da za ta tare shi, roba da sifirin su lalace.

Idan saitinka na gaba ba hula ba ne, irin wanda ake zurawa ta gefe ne cikin gurbi mai faɗin ƙasa da ƙuncin sama, to sai an tura shi. Ka fara zana layi da fensir mai tsini ya ratsa gindin saitin da jikin bututu, don ka ga iya tafiyar da ya yi, tunda abin da kake nema bai kai milimita ɗaya ba. Cire notin ɗauri idan akwai. Naɗe bututun da fata ko tsumma mai kauri ka matse shi a bais kusa da hanci, kada ka bar nauyin duka ya tafi kan mahaɗar da bindiga ke karyewa. Sa guntun tagulla a gindin saitin, can ƙasa inda ya shiga gurbi, ka buga da ƙaramar guduma a hankali. Kada ka buga tsinken kansa, kada kuma ka yi amfani da ƙusa ko sukurudireba. Kwalbar cikin gilashi ce siririya, bugu ɗaya mai kauri ya isa ya tsaga ta, haske ya mutu cikin ɗan lokaci. Idan saitin ya ƙi shiga sam, ƙasan gindinsa ake gogewa a kan takardar yashi mai laushi da aka shimfiɗa a kan gilashi, shafa biyu ko uku a gwada. Ba a taɓa gurbin bindiga, domin saiti ana sake saye, gurbi kuwa idan ya buɗe ya buɗe ke nan. Harbinka na hagu, don haka na gaba hagu za ka tura shi.

Bindigar iska mai sifirin tana bugu biyu: ta ja baya lokacin da fistin ya tashi, ta fizga gaba lokacin da ya tsaya. Wannan girgiza tana kwance noti fiye da yadda mutane ke zato. Saboda haka ka bi su ɗaya bayan ɗaya: biyun da ke riƙe ƙota ta gaba hagu da dama, na wajen kariyar kunama, waɗanda suka ɗaure saitin baya a kan bututu, da na hular gaba. Ka cire kowanne, ka wanke zarensa da sifirit ya bushe, ka ɗiga masa gam ɗin kulle noti shuɗi, irin Loctite 243, ɗigo ɗaya, ka ɗaure daidai wa daida, ka bar shi awa 24 kafin harbi. Jan gam ɗin ba na wannan aiki ba ne, domin sai an gasa shi da wuta yake sakin noti, wuta kuwa ajalin saitin dare ce. Sufagulu ma ka nisanta shi da wurin, tururinsa yana bin gilashin ɗigo ya bar farin hazo da ba ya gogewa. Haka fetur da tina, suna narkar da gam ɗin da ya riƙe kwalbar.

Ka kuma duba mahaɗar. Karya bindiga kaɗan ka girgiza bututu hagu da dama. Idan akwai wasa, ƙara ɗaure babban notin mahaɗa har bututun ya riƙa tsayawa inda ka sake shi ba ya faɗuwa da kansa. Dubi zoben robar da ke bakin inda ake sa ƙwaya: idan ya lotse ko ya tsage iska na zurarewa, ƙarfin harbi ya riƙa hawa da sauka, ka ga ƙwayoyi sun jeru daga sama zuwa ƙasa a kwali.

Wani abu kuma da kusan kowa ke yi: kama hancin bindiga a kan saitin gaba lokacin ɗanawa. Tsohon saitin na masana'anta an matse shi da inji, yana jurewa. Wanda ka sa da hannu, ɗan noti guda ke riƙe da shi, kowace ɗanawa kana murɗa shi kaɗan. Ka riƙa kama bututu a bayan saitin da faɗin tafin hannu. Bayan ka gama ɗauri, ɗiga farin fenti a inda hula ta haɗu da bututu, rabi a nan rabi a can. Ranar da ka ga alamar ta rabu, ka san dalili tun kafin ka ɓata ƙwaya.

To, sai saitawa. Da rana ake yin ta, ba da dare ba. Zaɓi safiya kafin iska ta taso. A hunturu musamman, iskar hantsi tana iya kautar da ƙwayar da nauyinta bai kai giram ɗaya ba fiye da kuskuren da kake son gyarawa. Ka zauna a inuwa, domin rana idan ta haska gefe ɗaya na tsinke sai ido ya ga tsakiyarsa a inda ba nan take ba. Bayan kwalin a samu buhunan rairayi ko tudun ƙasa mai laushi. Bulo na siminti, dutse, ƙarfe da busasshen katako mai tauri duk suna maido da ƙwaya, wani lokaci kai tsaye inda ta fito.

Fara a mita 10 da babban kwali, ka zana baƙin da'ira mai faɗin santimita 3 a tsakiya. Zauna a kujera da tebur, buhun rairayi a gaba, amma kada ka aza ƙotar kai tsaye a kan buhun. Aza bayan hannunka a buhu, bindiga ta kwanta a buɗaɗɗen tafinka, a wuri ɗaya kullum, ba tare da ka damƙe ta ba. Irin wannan bindiga tana motsi tun ƙwaya ba ta bar bututu ba, don haka duk canjin riƙo canjin wurin sauka ne. Yadda za ka riƙe ta a bayan sito, haka za ka riƙe ta a wurin gwaji. Wanda ya saita a kan abu mai tauri ya je ya harba a hannu, zai rantse saitin ne ya goce.

Harba biyar kana auna wuri ɗaya, ko da ka ga suna sauka nesa da da'ira. Kada ka bi ƙwaya ɗaya da gyara. Abin da ake aunawa shi ne tsakiyar inda biyar ɗin suka taru. Idan a mita 10 tarin ya fi faɗin santimita 3, dakata da murɗa komai; akwai abin da ke kwance, ko ƙwayar ba ta dace da bututun ba, ko riƙo ne. Idan sun taru, auna daga tsakiyarsu zuwa tsakiyar da'ira, tsaye daban, kwance daban.

Notin saitin baya yana yin ƙas-ƙas idan ana murɗa shi, amma tafiyar kowane ƙas ta bambanta daga bindiga zuwa bindiga. Ka gano taka: murɗa ƙas 10 ta ɓangare ɗaya, harba biyar, auna yadda tari ya matsa, raba da 10. Idan ya matsa santimita 4, kowane ƙas milimita 4 ne a wannan nisa, a ninkin nisan kuma milimita 8. Daga nan ba sauran lalube. Gyara tsaye tukuna, ka tabbatar, sannan kwance. Noti masu araha suna da ɗan wasa a zare, ƙas na farko da na biyu bayan ka juya akala ba sa motsa komai. Maganinsa shi ne idan za ka koma baya ka wuce inda kake so da ƙas uku, sannan ka dawo, ta yadda kullum murɗawar ƙarshe ta ɓangare ɗaya take.

Da ya zauna a mita 10, matsa zuwa nisan da za ka yi aiki da shi. Ina ba ka shawarar mita 15, ba 20 ba, ga kuma dalili. Ɗigo mai faɗin milimita 2 da ke nesa da idonka da santimita 85 yana rufe kusan santimita 5 a mita 20, santimita 3 da rabi a mita 15, ƙasa da 2 da rabi a mita 10. Cikin duhu kuma ido yana ganinsa ya fi haka girma saboda hasken da ke bazuwa a gefensa. A mita 20 ya haɗiye kan gafiya ɗungurungum, kana harbin abin da ba ka gani. Dabbar da aka raunata ta shige rami ta mutu a ƙarƙashin sito, an zalunce ta, an kuma bar maka wari. Wasu sukan saita yadda ƙwaya za ta sauka a saman ɗigo kaɗan, su aza abin harbi a kansa kamar tulu a kan gammo, don kada ya rufe shi. Dabara ce mai kyau, muddin ita za ka riƙe kullum.

Bayan ka gama a mita 15, kada ka ƙara taɓa noti. Harba uku-uku a mita 5, 10 da 20 ka rubuta inda suke sauka. A kusa sosai ƙwaya ƙasa take bugawa, domin bututu yana ƙasa da layin ido da kusan santimita 2 kuma ba ta gama hawowa ba. Ɓeran da ke mita 4 ko 5 shi aka fi kuskurewa ta ƙasa. Duk wannan da gwangwanin ƙwaya ɗaya. Mai zagayayyen kai mai nauyin giren 14.3, kusan giram 0.93, ita ce aka fi samu a 5.5 kuma takan yi kyau a yawancin bututu. Ka canza nauyi ko kamfani, sai an sake gwaji. Duk wadda siket ɗinta, wato buɗaɗɗen gindinta, ya lanƙwashe a ware ta. Kada kuma ka ɗiga man inji ko man keke a ramin iska: matsin fistin yana kunna shi, ka ji ƙara kamar ta albarushi da hayaƙi, harbi ya watse, robar fistin ta ƙone.

Tabbatarwa ta dare mataki biyu ce. Bayan sallar magariba, lokacin da kwali ke ganuwa amma tsinke ya fara ɓacewa, harba biyar. Bayan isha'i ka sake, da irin hasken da za ka yi aiki da shi. Ka ba idonka minti 20 zuwa 30 cikin duhu tukuna, kada ka duba waya, domin kallo ɗaya yana mayar da kai farko. Idan tarin dare ya faɗa kan na rana, aiki ya yi. Idan ya hau ko ya sauka kaɗan, ɗigon da ka yi a baya ne ba su zauna daidai bakin kafaɗa ba. Tunda da dare kake aiki, gyara da ƙas ɗaya ko biyu ka fifita dare.

Ka tabbatar kuma da irin hasken da ka saya, don iri uku ne a kasuwa kuma sukan yi kama. Na tiritiyom iskar gas ce a cikin kwalba mai shafen sinadari, yana haske da kansa ba caji ba batir, ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk shekara 12 da 'yan watanni. Na fenti sai an haska shi, ya yi ƙarfi da farko ya riƙa dushewa. Na zaren roba kuwa tara hasken waje yake yi, da rana kamar garwashi, cikin duhu ba komai. Sa saitin a akwati ka rufe ya kwana, ka buɗe da asuba a ɗaki mai duhu: wanda ka tarar yana haske yadda ka bar shi, shi ne tiritiyom. Idan na fenti ne, girman ɗigon a ido yana canzawa yayin da yake dushewa, sai ka riƙa haska shi daƙiƙa kaɗan ka jira ya lafa kafin harbi. Tiritiyom a rufe ba ya cutarwa, radiyeshan ɗin da yake fitarwa ba ya ratsa gilashin. Idan kwalbar ta fashe, buɗe ƙofa da taga ka fita na ɗan lokaci, ka wanke hannu, kada ka kai shi hanci.

Idan wata rana ka koma ga na'urar jan ɗigo mai batir, ƙa'idar ta ɗan sauya. Layin da ke saman bindigar iska yawanci mai faɗin milimita 11 ne, ba ya karɓar maɗaurin milimita 21 sai da mahaɗi, kuma dole a sa ƙusar tsayarwa a raminta, in ba haka ba na'urar ta riƙa ja da baya da kowane harbi. Alamun da ke kan notinta inda harbi zai koma suke nunawa. Wadda aka rubuta 1 MOA a kowane ƙas tana matsar da harbi kusan milimita 6 a mita 20. Da dare a rage haskenta zuwa mafi ƙanƙanta.

Saitin dare saiti kaɗai yake nuna maka, ba ya nuna abin da ke gabanka. Wannan magana ina so ta zauna maka sosai. Idanu biyu masu ƙyalli a gindin sito suna iya zama na gafiya, suna iya zama na kyanwa ko ɗan akuya, motsi a duhu kuma yana iya zama yaron da aka aika. Ƙwayar 5.5 tana fasa ido, tana kuma kisa idan ta sami wuri mai laushi. Ba a ɗora yatsa a kunama sai an ga dabbar dukanta, an kuma san abin da ke bayanta. Ɗaura ƙaramar tocila mai jan haske a ƙarƙashin ƙota, ba a jikin bututu ba, don nauyi a bututu yana sauya saiti. Ko ka rataya jan ƙwai marar ƙarfi a wurin. Ɓera da gafiya ba sa ganin ja sosai, idonka kuma ba ya rasa sabonsa da duhu. Mafi kyau ka zaɓi wuri ɗaya a gaban buhunan rairayi, ka auna nisansa da inda za ka zauna, ka riƙa zuba garin ƙuli-ƙuli a nan kwana biyu ko uku ba harbi. Ranar da ka zauna, nisa sananne ne, bayan wurin kuma a tsare yake.

Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin rukunin da sai da lasisin 'yan sanda, don haka takardun nan naka su kasance a sabunce kuma a kusa. A halin da yankinmu ke ciki, mutum da doguwar bindiga cikin dare ba wanda zai tsaya tambayarsa ko ta iska ce. Ka tsaya cikin shingenka, ka sanar da maƙwabta da mai unguwa da 'yan sintiri ranakun da za ka yi gwaji ko zama, kada ka fita da ita fadama bayan duhu.

Kada ka harba ta inda ƙwaya za ta shiga buhun shinkafa ko ta faɗa inda ake shanya. Dalma ce, kuma mutanen Anka da Bukkuyum a Zamfara sun ga abin da take yi a 2010, lokacin da gubarta daga dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400. Ɗabi'ar riƙe ƙwaya a baki don saurin ɗuri a bar ta, a wanke hannu kafin cin abinci, gwangwanin kuma a kulle shi inda yara ba sa kaiwa. Abin da ka kashe kada ka ɗauka da hannu, domin ɓeran gida na ɗaukar zazzaɓin Lassa a fitsari da jini, an kuma fi samun cutar a watannin rani. Sa shebur ka zuba a leda, ka binne da zurfi nesa da rijiya, ka yayyafa ruwan bilic a inda jini ya zuba.

Da ka gama, murɗa kowane noti na saitin baya zuwa ƙarshensa kana ƙirga ƙas, ka dawo da shi daidai adadin, ka rubuta lambobin biyu a 'yar takarda tare da sunan ƙwaya da nisan, ka manna a cikin murfin gwangwani. Duk bayan harbi 50 ka duba farar alamar hula da notin ƙota, ka harba uku a kwali kafin ka zauna jiran gafiya.